Ƙundun Malam Uwaisu

In ka tsaya a bakin titin Sharada da ƙarfe shida na safe, lokacin da masu aikin dare ke fitowa idanu jajur, na safe kuma suna shiga da kwanon abinci a hannu, za ka ga wani dattijo a kan tsohon babur, hular kwanonsa rataye a gwiwar hannu maimakon a kai. Malam Uwaisu ke nan. Shekararsa ashirin da bakwai yana tsaye a gaban inji ɗaya a wani kamfanin robobi, injin da ke fitar da buta da bokiti da bahon wanki. In ka taɓa yin alwala da shuɗiyar buta a Kano, to ba mamaki ta hannunsa ta biyo. Ba ya shan taba, ba ya cin goro, ba ya kallon ƙwallo, siyasa ma sai in ita ta zo ta same shi. Abu guda Allah ya jarrabe shi da shi a duniyar nan, shi ne ƙundun kaza.

Kada a yi saurin yi masa dariya, abin yana da asali. A wani ƙauye na ƙasar Gumel aka haife shi, inda ba a yanka kaza sai da dalili: Sallah, ko suna, ko babban baƙo. Kuma rabon a tsare yake tun kafin a fige ta. Kai da ƙafafu na yara, fukafukai na 'yan mata, sauran a raba yadda aka ga dama, amma ƙundu na maigida ne, babu mai ko kallonsa. Mahaifinsa, Malam Ashafa, in an ajiye masa kwano ba ya fara ci sai ya sa yatsa ya jujjuya romon ya tabbatar ƙundun yana ciki. Wata Sallah ya juya bai ji shi ba, sai kawai ya rufe kwanon ya tura, ya ce a mayar, wannan kazar ba ta cika ba. Sai da aka kama wata aka yanka kafin gidan ya zauna lafiya. Uwaisu da wannan karatun ya taso, ya kuma haddace shi fiye da na allo.

Saboda haka da ya zo Kano ya sami aiki, ya auri Rakiya, suka kama ɗaki ciki da falo a Panshekara, abin da ya fara saye Juma'ar farko ba kujera ba ce, ba labule ba ne, kaza ce. Rakiya ta dafa, ta ɗora masa ƙundun a saman tuwo. Ya ɗauka ya rufe ido ya tauna a hankali, a ranar ya yarda cewa lallai ya zama mutum. Tun daga nan, duk Juma'ar da hali ya yi sai ya dawo daga masallaci da kaza a rataye a hannun babur tana kuka. Aka haifi yara, suka girma, babbar ta yi aure, ƙananan suka tafi makaranta, tsadar rayuwa ta zo ta kwashe madara da ƙwai daga gidan, amma kazar Juma'a ta riƙa leƙowa ko da sau biyu ne a wata.

Takalmin aiki ne ya fara tona asirin ciwon. Wata safiya ƙafa ta ƙi shiga, ya zagi mai takalmi. Bayan sati ɗayar ma ta ƙi. Ya daɗe da sanin yana da hawan jini, amma a wurinsa hawan jini ciwon masu kuɗi ne da ya yi ɓatan kai ya faɗo masa, don haka ba ya shan maganin sai ranar da kai ya sara. Ga zafin ɗakin inji, inda roba ke narkewa mutum ma yana narkewa. Ga haɗin maganin gajiya da yake karɓa a kemis kullum in an tashi, ƙwaya biyar a ƙulle a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, shekara da shekaru bai taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba. Da Rakiya ta matsa aka je asibiti aka yi gwajin jini da na fitsari, likita ya ce ƙodarsa ta gaji. Ya ce ba za ta koma kamar da ba, amma in aka lallaɓa ta za ta iya kai shi shekaru. In kuwa aka ci gaba da ɗora mata kaya, to sai wankin ƙoda da inji.

Wannan kalma ta wanki ita ta tsaya wa Malam Uwaisu a rai. Shi fa ya san inji. Ya san yadda yake tsayawa ba sallama, ya san yadda ake jiran makaniki, ya san abin da ɗauke wuta ke yi. A ce rayuwarsa ta koma hannun inji, kwana biyu ko uku a kowane mako yana kwance ana juya jininsa? Kuma wane kamfani ne zai riƙe ma'aikacin da ba ya zuwa rabin mako? Saura shekara uku ya cika talatin a aiki, ranar da ake tara ma'aikata a tsakar kamfani a kira sunan mutum, a ba shi takardar yabo da agogon bango. Ya ga an yi wa mutum huɗu, har ya zaɓi bangon da zai rataye nasa. Yana so ya je ya karɓi agogon nan da ƙafafunsa, cikin takalmin aikinsa.

Likita ya tura su wurin jami'ar da ke tsara wa marasa lafiya abinci, wata yarinya mai suna Badi'a wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ta gaishe su da ladabi, ta ɗauko takarda ta fara yanka. Gishiri a rage ƙwarai. Dunƙulen ɗanɗano a bari. Kanwa a bari. Lemon kwalba, kilishi, balangu, haɗin kemis, duk a bari. Malam Uwaisu yana ta gyaɗa kai kamar wanda ake karanta wa laifin wani. Sai da ta kai ƙarshe ya gyara zama ya tambayi abin da ya kawo shi.

"To 'yar nan, kaza fa?"

Ta ce kaza ba laifi. A dafa ta ko a gasa, a cire fata, ba gishiri, ba kullum ba, kuma yankan kada ya wuce faɗin tafin hannunsa, ban da yatsu. Ya buɗe hannu ya duba, ya yi wa Allah godiya da ya ba shi tafi kamar faranti.

"Amma ban da kayan ciki, Baba," in ji ta. "Hanta, zuciya, ƙundu, ku haƙura da su. Akwai abin da ke cikinsu da ƙodarku ba ta iya fitarwa yanzu, sai ya taru a jini."

Daidai nan kunnen Malam Uwaisu ya toshe. Na Rakiya kuwa, da ke zaune a gefe riƙe da jaka, a buɗe yake tar.

Juma'a ta zo, aka yanka kaza. Rakiya ta kawo masa kwano, ya buɗe ya ga wani farin yanki a kwance a cikin ruwa kamar wanda aka yi wa wanka. Ya sa yatsa ya juya, ya sake juyawa, irin juyin Malam Ashafa sak. Babu. Ya tambayi ina ƙundun, ta ce ai a gabansa aka ce a bari. Ya ce ya ji, amma ina yake? Ta ce yana nan. Ya ce nan ina? Ta ce yana nan dai, ta ɗauki tsintsiya ta fita.

Wallahi da ta ce ta jefa wa kyanwa da ya fi masa sauƙi. Wannan "yana nan" ita ta hana shi sukuni. Ƙundu ba ya ɓacewa, in bai shiga cikin maigida ba to ya shiga cikin wani, kuma a gidan daga shi sai ita, yaran duk suna makarantar kwana. Ya fara sa mata ido. Ranar Asabar ta ce ya gyara babur daga hanya za ta yi shanya, ya ce a ransa, to ga shi, ya fara aiki. Ranar Litinin ta kira mai gyaran famfo ba ta tambaye shi ba. Ranar Laraba ta tsaya a kansa sai da ya haɗiye maganin hawan jini, har da cewa ya buɗe baki ta gani. Shekara ashirin da shida suna tare ba ta taɓa ce masa buɗe baki ba. Ya tabbata an yi juyin mulki a gidansa, kuma da kazar da ya sayo da kansa aka yi shi.

Kukan nan ya kai majalisar bakin ƙofar kamfani, inda ma'aikata ke zama lokacin hutun azahar. Shugaban majalisar shi ne Lawan maigadi, mutumin da babu ciwon da bai san maganinsa ba, daga basir har ciwon da likitoci ba su gano ba tukuna. Lawan ya saurara, ya girgiza kai cikin tausayin jahilcin 'yan boko. Ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya taɓa ganin kaza ta tsuguna ta yi fitsari. Aka ce babu. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa jin kaza ta yi ciwon ƙoda. Aka ce babu. Ya ce to ƙundu shi ne ƙodar kaza, kuma ƙoda ce mai niƙa tsakuwa. Wanda ƙodarsa ta yi rauni, me ya kamata ya ci in ba ƙodar da ke niƙa dutse ba? Ya ce asibiti sun sani sarai, ɓoyewa suke yi don injinsu ya samu masu hawa.

Mutum ɗaya ne ya ja da maganar, Bulus mai gyaran wutar kamfani, ɗan wajen Kafanchan, maƙwabcin Malam Uwaisu a Panshekara kuma abokinsa tun suna samari. Bulus ya ce shi dai a saninsa ƙundu tumbin kaza ne, shi ya sa ake samun dawa a ciki, kuma gara a bi maganar asibiti. Amma da aka matsa shi ya amsa cewa su ma a garinsu ƙundu na babban gida ne, yaro in ya ci sai an zauna a kansa. Majalisa ta ɗauki wannan a matsayin goyon baya, aka rufe zama.

Abin takaicin, maganin yana nan taku goma daga bencin majalisar. A bakin ƙofar akwai mai tsire da ke gasa ƙundun kajin gidan gona, irin wanda ake sayowa a buhu daga gidan sanyi. Da can Malam Uwaisu ko kallon wurin ba ya yi. Yakan ce wannan ƙundu ne marar asali, ba a san kazarsa ba, ba a san gidansu ba, kuma lalacewar zamani ce a ce saurayin da ko tabarma bai mallaka ba ya tsaya ya cinye ƙundu goma a tsaye. Yanzu kuwa da abin ya zama magani, sai ya sassauta fatawa. Tsinke uku kullum, a barbaɗa yaji sosai, yajin nan da rabinsa gishiri ne da dunƙule. Yakan ci ne da bisimilla da natsuwa, yana juya wa Bulus baya.

Wata uku aka yi a haka. A gida yana cin miyar da ba gishiri yana tsaki, yana cewa an mayar da shi jariri. Bai lura ba, ko ya lura bai ce komai ba, cewa tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan. Abin da ya ci shi Rakiya ke ci, lami, ita da ba abin da ya sami ƙodarta. Ƙafa dai ta ci gaba da hawa, har ya koma zuwa aiki da takalmin a buɗe ba ɗauri. Jiki ya kama ƙaiƙayi, yana susa da murfin biro. Lawan ya ce alamar magani ya fara ratsa jiki ke nan.

Ranar komawa asibiti Badi'a ta duba sabon sakamako, ta duba tsohon. Sannan ta juya wurin Rakiya, don a ƙasar nan in namiji ya ci abin da bai dace ba matarsa ake tambaya. Ta ce Mama, me kuke ba shi? Rakiya ta fara lissafi: yadda take jiƙa ganye ta zubar da ruwan, yadda take cire fatar kaza, yadda take auna yankan da tafin hannunsa da ta zana a jikin kwali ta rataye a kicin. Ta rantse rabon da gishiri ya shiga tukunyarta tun ranar da suka bar ofishin nan. Ta ce in akwai inda ta yi kuskure a gaya mata, sai hawaye. Malam Uwaisu yana zaune yana kallon silin, kuma abin kunya ne a faɗa, amma sai da ya bar ta ta yi kukan nan na ɗan lokaci kafin ya yi gyaran murya. Ko da ya buɗe baki ma ba da sigar amsa laifi ya fara ba. Bayani ya kawo, na ilimi, cewa akwai abin da boko bai kai gare shi ba game da ƙodar kaza. A cikin bayanin ne zancen tsinke ukun bakin ƙofa ya fito.

Badi'a ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar zafi. Ta ce kaza tana da ƙodarta daban, ƙundu kuwa wurin niƙa abinci ne. Ta ce tsinke uku kullum da wannan yajin, ko mai lafiya ya kamata ya ji tsoro. Sai ta miƙe ta ce su biyo ta, akwai takardar da za ta karɓo. Ko da gangan ta yi ko hanyar ce ta bi ta nan, Allah masani, amma ta ƙofar ɗakin wankin ƙoda suka wuce, kuma ƙofar a buɗe take.

Gadaje ne a jere, kowanne da injinsa a gefe, jini na bin siraran robobi yana fita yana dawowa. A waje wasu na zaune a benci suna jiran layi. Malam Uwaisu ya tsaya, kunnensa na ma'aikaci ya kama ƙarar injin, har ya ji ɗaya daga ciki yana wani ɗan ƙara da bai yarda da shi ba. A gado na biyu wani ya ɗago hannu. Sai da ya duba da kyau ya gane Alhassan, tsohon shugaban shif ɗinsu, wato rukunin da ke karɓa-karɓar aiki, ƙaton mutum da ke ɗaga buhun garin roba da hannu ɗaya, wanda ya bar aiki shekara biyu da suka wuce aka ce ya koma gida. Ya rame har hular kansa ta yi masa yawa. Suka gaisa, Alhassan ya tambayi mutanen kamfani ɗaya bayan ɗaya, har da Lawan.

"Nan ma shif ne, Malam Uwaisu," in ji Alhassan, yana murmushi. "Awa huɗu, sau biyu a sati. Sai dai babu hutun Sallah."

Suka hau babur suka koma Panshekara. Washegari lokacin hutu Malam Uwaisu bai fita bakin ƙofa ba, ya zauna a bayan ɗakin inji ya buɗe kwanon da Rakiya ta haɗo masa ya cinye tas. Lawan ya aiko a tambaya ko lafiya, Malam Uwaisu ya ce a gaya masa lafiya lau, a kuma gaya masa kaza tana da ƙoda.

Da Juma'a ta zagayo ya sayo kaza kamar kullum. Bayan la'asar Rakiya ta ajiye masa farin yankinsa. Bai juya romon ba. Ya ce ta zauna, ta zauna a bakin tabarma. Ya ce ba faɗa zai yi ba, kuma in ita ke ci ya yafe, halal ɗinta ne, amma don Allah ta gaya masa inda ƙundun nan ke zuwa. Ta dube shi kamar ba ta gane tambayar ba. Sai ta yafa mayafi ta fita, ta shiga gidan Bulus, wurin matarsa Hannatu mai sayar da ƙanƙara, wadda ke da firiza. Ta dawo da wata 'yar roba mai murfi, irin wadda injinsa ke bugawa, ta ajiye a gabansa tana hayaƙin sanyi. Ya buɗe. Ƙundu ne guda tara, a wanke, kowanne a ƙulle a ledarsa, sun daskare kamar duwatsu. Na yau, na goma, yana hannunta a ɗan kofi.

"Na ajiye maka ne sai ka warke," in ji ta.

Ya daɗe yana kallon robar. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya zo duniya.

"Ba a warkewa, Rakiya. Kina wurin likita ya faɗa. Lallaɓawa ake yi."

"Na ji. To ya zan yi da su? Ba nawa ba ne."

Ya ce daga yau nata ne. Ta ce Allah ya kiyaye, me mutane za su ce. Ya ce mutanen su zo su same shi. Aka yi ta ja, shi yana ba da umarni a matsayinsa na maigida cewa ta ci rabon maigida, ita tana ƙi saboda girman maigida, har dai ya ce ba zai taɓa abincinsa ba sai ta ci. Ta tashi ta dafa na ranar, ta sa wa ƙundun ɗan gishiri da yaji, karo na farko a wata uku, ta dawo ta zauna ta juya masa gefe don kunya. Kaji nawa ta fige a gidan nan, ita ma ba ta sani ba, kuma ba ta taɓa sanin ɗanɗanon abin da take ɗorawa a saman kwano ba.

Ta gutsura. Ta tauna, ta tauna, ta ƙara taunawa. Malam Uwaisu ya zuba mata ido yana haɗiyar yawu, yana jiran ta rufe ido yadda shi ya rufe shekara ashirin da shida da suka wuce. Ba ta rufe ba. Da ƙyar ta haɗiye, ta kurɓi ruwa, ta dubi sauran gutsuren da ke hannunta, sannan ta dube shi.

"Malam, wannan ai roba ce," ta ce. "A kan wannan ne ka so ka tafi ka bar mu?"

Ya jawo kwanonsa, ya yi bisimilla, ya fara cin farin yankin nan da ta auna da tafin hannunsa.